Motar da Na Zaɓa wa Baba Ilu

Kwana uku da saukata Madina na gane ejan ɗin da ya yi mini biza ya yaudare ni. A Kano ya ce mini wani babban kamfanin motoci ne ke neman wanda ya san inji, aikina kawai in duba mota in ba da shawara. Da na zo sai aka kai ni wani fili da ake sayar da motocin hannu, abin da suke kira ma'arad, aka miƙo mini bokiti da soso da tiyo. Ni Sabo, da na shekara goma sha biyu ina ɗauko motocin Beljiyam daga Kwatano zuwa Kano, ni da dillalai ke kira in saurari kukan inji kafin su yi ciniki, ni aka ce in durƙusa in wanke taya. Na tsaya da bokitin a hannu na rasa wa zan zaga, ejan ɗin ko kaina.

Mai wurin, Abu Majid, ba mugu ba ne. Bai dai san an yi mini wani alkawari ba, kuma bai damu ya sani ba. Ɗakin da aka ba mu mu shida ne a ciki, ni kaɗai ne Bahaushe. Larabcina na makarantar allo ne, in na gai da mutum sai ya yi dariya ya ce da wane littafi na zo. Na yi wata biyu ban yi hira da kowa ba sai matata a waya, ita ma ƙarya nake shara mata, ina cewa ofis da sanyi, aiki ba wuya.

Wata rana da hantsi tiyo ya ɓalle ya jiƙa ni sharkaf, na ɗura masa ashar da Hausa. Sai na ji murya a bayana.

"Wanga zagi dai na Kano ne."

Na juya na ga wani dattijo siriri, da farin gemu da 'yar hula, ya jingina da wata tsohuwar mota zungureriya da ya kawo garejin maƙwabta. Ya ce sunansa Ilu, mutumin Maraɗi ne. Ya tambaye ni rabona da tuwo, na ce tun a gida. Ya ce ranar Juma'a in jira shi bayan an sauko.

Ɗakinsa yana unguwar Harra ta Gabas, jikin ƙofar wani tsohon gida, irin ɗakin da ake ware wa direba. Ya tuƙa tuwon masara da hannunsa, ya kaɗa miyar kuka har da daddawa. Loma ta farko da na kai, hawaye suka zubo mini, ni ƙato mai 'ya'ya huɗu. Ya ƙara mini miya kawai. Daga ranar ya zama ubana a garin nan. Shi ya koya mini Larabcin kasuwa, shi ya nuna mini inda 'yan uwanmu ke sayar da kuka da kuɓewa, da zazzaɓi ya kwantar da ni kuma shi ya kai ni wurin wani ɗan Zariya mai aikin kemis.

Shekararsa ashirin da uku yana tuƙa tsohuwar gidan, Ummu Halid, wadda yake kira Hajiya. Mijinta ya rasu, ɗanta Halid yana aiki a Jidda, kuma da sunan Halid ɗin iƙamar Baba Ilu take, wato takardar zamansa a ƙasar. Matar Baba ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun girma a Maraɗi, suna ta roƙonsa ya dawo ya huta. Na taɓa tambayarsa me ya hana.

Ya ce, "In tahi ina? Ni nan ni ka jiran kirana. A sallace ni a Harami, a kai ni Baƙi'a, in kwanta kusa da mutanen kirki. Shi kaɗai na roƙi Allah, ban haɗa shi da komi ba."

Wannan buri nasa duk a kan takarda ɗaya yake rataye, wadda Halid ke sabuntawa shekara-shekara. Ranar da Halid ya ce ya isa, to ya isa. Na san haka sarai tun farko, ba zan ce ban sani ba.

Abin da ya fi wankin mota ci mini rai a ma'arad shi ne irin motocin da nake gani ana saye. A Kwatano na koyi raba mota gida biyu, 'yar Turai da 'yar Amurka. Mutumin Turai garuruwansa tsofaffi ne, lungunan matsattsu, mai da tsada, iyali ba yawa, ga sanyi. Shi ya sa yake ƙera mota daidai jikinsa, gajera, ƙarfe mai kauri, yawanci giyar hannu, tana lasar mai kaɗan-kaɗan, in ka shiga kwana da gudu ta kwanta ba tangaɗi. Ba'amurke kuwa titinsa da faɗi, tafiyarsa da nisa, mansa da araha, saboda haka falo yake so mai taya huɗu. Kujera ta yi laushi, giya ta canza kanta, ko'ina wurin ajiye kofi, sanyi ya kai har wuya. A Kano duk wanda ya zo sayen mota tambayarsa ta farko ita ce ko tana shan mai. Da wannan tambayar na tashi, da ita kuma nake auna hankalin mutum.

A Madina ban taɓa jin an yi ta ba. Mutum zai shigo, ko bonet ba zai buɗe ba. Ƙofar baya zai ja, ya ƙirga kujeru, ya kunna mukayyif, wato na'urar sanyi, sannan ya kutsa can kujerar ƙarshe ya zauna, ya ɗaga tafin hannu ya ji ko iska tana isowa. In ta iso an yi ciniki. Ni kuwa ina gefe da sosona ina cewa a raina, Allah ya ba su kuɗi ya hana su sanin mota.

Da bakina ya ɗan buɗe da Larabci, na faɗa wa Abu Majid ra'ayina. Ya yi dariya har ya ajiye kofin shayinsa.

Ya ce, "Ya Sabo, ku a ƙasarku na gaba ke sayen mota. Mu nan na baya ke saye. Uwa ce ke saye, da mata, da yara. Direba ɗan rakiya ne."

Na ɗauki maganar a zancen wanda bai taɓa riƙe safana ba. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ni gani nake mutanen garin ne ya kamata su yanke tasu.

Ina wata na takwas aka kawo wata 'yar Turai. Wani malamin jami'a ne ya gama karatu a Turai ya dawo da motarsa, bai daɗe ba ya kawo ta a sayar. Doguwa ce mai but a haɗe, ruwan toka, rufinta gilas ne tun daga gaba har baya, kujerunta ma in ka danna wani maɓalli ɗumi suke yi. Da na tayar da ita na ji kukan injin, sai da tsigar jikina ta tashi, na tuna hanyar Kwatano da sassafe. Kullum ita nake fara wankewa. Wata huɗu tana nan, kowa ya leƙa bayanta sai ya wuce. Abu Majid ya yi ta nadamar karɓarta, yana tsokanata yana cewa, "Ranar da ka aurar da amaryar nan taka, ka ajiye bokiti ka zama mai sayarwa."

Ana cikin haka tsohuwar motar gidan su Baba Ilu ta gaji, yau gareji gobe gareji. Halid ya bugo daga Jidda ya ce wa Baba ya je wurin Abu Majid ya zaɓi wadda ta dace da mahaifiyarsa, tunda shi ya fi kowa sanin jikinta, shi kuma zai turo kuɗi. Baba ya zo yana murna, ya ce ga shi ga ni ɗansa masanin mota, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Akwai wata fara 'yar Amurka, ƙatuwa, mai layin kujeru uku. Ita ya fara shiga. Ya shafa sitiyarin ya ce, "Wagga ta yi kama da tsohuwar tamu. Hajiya za ta ji daɗinta."

Na ce, "Haba Baba, wannan ai randa ce aka sa wa taya. Zo ka ga mota."

Na kai shi wurin 'yar Turai, na buɗe bonet, na yi ta zuba. Na ce ƙarfenta kaza, birkinta kaza, man da waccan za ta sha a kwana uku wannan sai ta yi mako biyu da shi, Halid zai gode masa. Wata goma sha biyu ba wanda ya tambaye ni komai sai ina soso, yau ga dattijo ya tsaya yana saurarena kamar ina karatu. Daɗin abin ya hau mini kai.

Baba ya buɗe ƙofar baya ya sunkuya, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Sabo, bayan nan hwa? Ban ga inda iska ka hitowa ba."

Na ce, "Na gaba ya wadatar, Baba. Masu ƙera ta ba sa aikin banza."

Wannan ita ce maganar da nake so a ce ban faɗa ba. Ba kuskure ba ne, ƙarya ce. Na sha zama a bayan motar nan da tsakar rana ina goge kujeru, na san yadda rufin gilas ɗin ke mayar da ita. Na san an ƙera ta ne don ƙasar da ake neman rana da kuɗi. Amma ina son a ce na iya, ina kuma son in ajiye bokiti.

Ya rufe ƙofar, ya ce, "To. Kai ka san mota, ni tuƙi kawai na sani."

Lokacin sanyi aka saye ta, shi ya rufa mini asiri na wata huɗu. Abu Majid ya cika alkawari, na sa farar jallabiya na koma tarbar masu saye, na turo wa matata hoto a karon farko. Baba yakan ce Hajiya tana mitar kujerar ta yi ƙasa, gwiwoyinta na wahala wajen shiga da fita, ga motar tana jin kowane rami. Ni kuma in ce sabo ne, za ta saba. Da zafi ya fara shigowa ya ce tana ƙorafin baya ba sanyi, na ce ya ƙure na gaba ya karkatar mata da shi. A cikin gari tafiyar ba nisa, daga gida sai Harami sai asibiti, abin bai fito fili ba.

Ummu Halid tana da gonar dabino a Badar wadda mijinta ya bari. Kowace shekara in dabino ya nuna, a tsakiyar zafi ke nan, sai ta je da kanta ta ga yankan farko. Ba ta taɓa fashi ba, kuma Baba ke kai ta. A wannan shekarar suka tafi da ita da ƙanwarta da mai aikinta, suka juyo bayan azahar da kwalayen dabino cike da but.

Ni ban san komai ba sai washegari da safe, da na ga motar janwe ta shigo ma'arad ɗauke da 'yar Turai a baya.  Na kira Baba, ya ɗauka daga asibiti, muryarsa a dashe. Ya ce a hawan da ake yi in an baro Badar allurar zafi ta tashi, motar ta kashe mukayyif da kanta, can kuma ta fara huci, dole ya tsaya a gefen hanya inda ko inuwar sanda babu. Rana ta saman gilas, duwatsu na mayar da zafi. Hajiya mai ciwon suga ce, kafin ya gama neman taimako a waya ta sulale a kujera. Ya cire rigarsa ya jiƙa da ruwan sha yana shafa mata a fuska, matan suna salati. Wani Basudane direban babbar mota ne ya tsaya, suka ɗauke ta suka sa a gaban motarsa mai sanyi, ya juya da kayan mutane ya kai su asibiti. Ko sunansa Baba bai samu tambaya ba.

Kwana huɗu ta yi a kwance, Allah ya tashi kafaɗunta. A rana ta biyu Halid ya iso daga Jidda, ya zo ma'arad tare da Baba. Matashi ne mai natsuwa, bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya zagaya motar, ya leƙa baya, ya ɗaga kai ya dubi rufin gilas. Sannan ya juya ga Baba, wanda yake kira Ammi, wato baffa.

"Ammi Ilu, shekara nawa kana ɗaukar uwata? Ka san jikinta, ka san hanyar Badar. Ta yaya ka zaɓi wannan? Wa ya ba ka shawara?"

Taku uku ne tsakanina da su. Abu Majid ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa kan takardunsa.

Baba ya ce, "Ba kowa. Ni na gani na zaɓa."

 Na ji maganar ta taso har maƙogwaro, na haɗiye ta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ran nan ni na ja, wani ya jiƙe, ina tsaye a bushe cikin farar jallabiya.

Da la'asar na same shi a ɗakinsa. Na ce gobe zan je wurin Halid in faɗa masa gaskiya, ni na matsa, ni na ce baya ba matsala.

Ya ce, "In ka hwaɗi, mi za ya canza? Halid ya ce wa Abu Majid yaronka ya cuce mu, Abu Majid ya kore ka don ya wanke kansa. Ni kuma a ce tsoho ya bi maganar mai wankin mota a kan ran Hajiya. Mutum biyu su tahi maimakon ɗaya. Kana da ɗiya ƙanana, Sabo. Ka yi shiru."

Na yi ta cewa a'a Baba, ba zai yiwu ba. Amma tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Da ya hana ni, sanyi na ji a raina. Musun da nake yi na baki ne, so nake ya ƙara hana ni, ya kuwa ƙara. Wannan sanyin da na ji ya fi ƙaryar farko ci mini rai har yau.

Halid bai ci masa mutunci ba. Ya ce shekaru sun ja, uwarsa na bukatar direba mai jini a jika, kuma ba zai sabunta iƙama ba in ta ƙare bayan wata biyu. Hajiya da ta dawo gida ta yi ta roƙonsa, ta ce Ilu ɗan gida ne, shi ya ɗauki makarar mijinta. Halid ya ce ya ga uwarsa a gadon asibiti sau ɗaya, ba zai jira na biyu ba. Ya ba Baba duk haƙƙinsa da tikiti har da ƙari.

Wata biyun nan na yi yawo kamar zan tashi garin. Na je wurin ɗan Zariyan nan na kemis, na je wurin wani likita ɗan Sakkwato, na bi masu shaguna a Uhudu, ko akwai wanda zai karɓi iƙamarsa. Kowa ya ji shekarunsa sai ya ce Allah ya kawo mafita. Na roƙi Abu Majid, ya ce shi mota yake sayarwa, ba shi da gurbin direba. Sannan ya ƙara da cewa, "Na gaya maka na baya ke saye." Bai sake tayar da zancen ba.

Ranar tafiya na ari mota a ma'arad na ɗauke shi da hantsi. Jaka biyu ce duk kayan shekara ashirin da uku. Ya ce mu fara biyawa Harami. Ya shiga ya yi sallama ya daɗe, ina jiransa a farfajiya. Da ya fito bai nufi mota ba, ya taka zuwa katangar Baƙi'a, ya riƙe ƙarfen yana kallon ciki. Kaburbura ne ba suna ba alama, sai ƙananan duwatsu da tattabaru. Na tsaya a bayansa ban san inda zan sa idona ba.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "An ce inda aka ɗebi ƙasar mutum nan yake komawa. Ashe tawa ba ta nan ba ce."

Na ce, "Baba, ni ne. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yahe tun a bakin hanyar Badar. Mu tahi kar jirgi ya bar ni."

Shekara huɗu ke nan. Ina nan a ma'arad, har ana cewa na iya sayar da mota, iyalina sun samu rufin asiri, babbar 'yata ta shiga jami'a. Duk wanda ya ganni a gida sai ya ce Madina ta karɓe ni. Baba Ilu yana Maraɗi a gidan ɗansa, idanunsa sun fara rauni, ba ya fita sai masallacin unguwa. Bai taɓa gaya wa 'ya'yansa dalilin dawowarsa ba. In na kira suka ɗauka, godiya suke mini, wai Baba ya ce ba shi da kamata a Madina.

Kowace Juma'a da safe yake kirana. Ya tambayi iyali, ya tambayi Hajiya ko na ji labarinta, ya tambaya ko zafi ya shigo. Daga nan na san abin da ke tafe.

"Sabo, in ka shiga Harami, ka isar mini da sallamata wurin Manzon Allah. Ka ce Ilu ne na Maraɗi."

Sai in ce to, Baba. In yi alwala in tafi, in bi layi cikin jama'a har in iso gaban kabarin mai daraja, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mutumin da ya shekara ashirin da uku yana kai gaisuwarsa da ƙafarsa, yau aike yake yi, kuma ni ne ɗan aiken. Nakan fara isar da tasa kafin tawa. Sau da yawa in na gama tasa, tawa ba ta fitowa, sai masu gadi su ce in matsa, in wuce.